Wata goma sha huɗu da bindiga a ƙuguna

Assalamu alaikum. Ni ɗan canji ne a Maradi. Ba zan faɗi sunana ba, don in na faɗi nawa na tona na wasu. Abin da zan ba ku labari ya faru ne tsakanin sanyin 2022 da daminar 2024, kuma waɗanda suka ji shi daga bakina ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Ina da shekara 19 na shiga canji, ina ɗaukar wa wani Alhaji jaka a bakin babbar kasuwa. Duk wanda ya san garin nan ya san da Najeriya yake numfashi. Daga nan zuwa Ɗan Isa bai wuce tafiyar kilomita 40 ba, ka tsallaka ka faɗa Jibiya, daga can Katsina. Mai kai wake da dabbobi ya dawo da naira yana neman sefa, mai zuwa saro kaya yana da sefa yana neman naira, mu kuma muna tsakiya da ɗan tebur da laima da kalkuleta. Litinin da Juma'a, ranakun kasuwa, har ruwa ba ka samun sukunin sha. Aibin sana'ar ɗaya ne: mai gero yana da sito da kwaɗo, mai atamfa yana ja wa shagonsa ƙofar ƙarfe, mu kuwa dukiyarmu a fili take, ɗauri-ɗauri da kyauro, duk mai wucewa yana ƙirga ta da ido. Da yamma kuma a jaka take bin ka gida.

Tun wajen 2019 muke jin abin da ke faruwa a kudancin jihar. Gabi, Safo, Sarkin Yamma, ƙauyukan Gidan Runji, a zo da dare a kora shanu, a tafi da mutum sai an biya, a shige dajin Babban Rafi ko a tsallaka iyaka. Mun ga mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina da suka gudo mana da 'ya'yansu. Muna jajantawa, muna ba da sadaka, amma a zuci muna ɗauka abin na mutanen ƙauye ne. Namu na cikin gari ƙananan ɓarayi ne, masu fizgen salula, masu ƙwacen moto, yaran da tramol ya cinye wa kai suna yawo da wuƙa da adda. Ni kuwa shekara goma sha ina bin hanya ɗaya zuwa gida, ko tari ba a taɓa yi mini ba.

Wani daren Disamba na 2022 na makara. Wani mai dabbobi ne ya tsare ni da lissafi har bayan isha'i. Hazo ya rufe gari, sanyi ya kore mutane daga fada, ko mai shayin kwanarmu ya tashi. Gidana yana can bayan unguwar Zariya ta nan Maradi, inda kwalta ta ƙare yashi ya fara, dole ka rage gudu ka sa ƙafa ƙasa. A nan suka same ni. Moto biyu, mutum huɗu, sun naɗe fuska da rawani. Gora ce ta fara sauka a kafaɗata, na faɗi moton ya danne mini ƙafa. Jakar tana rataye a wuyana ta cikin riga, na rungume ta da hannu biyu, ban ma san na yi ba. Ɗayansu ya ce, "Saki." Ban saki ba. Sai ya ɗaga adda ya sauke a damtsena na hagu.

Ɗinki 11 aka yi mini a likita. Kuɗin da suka tafi da su sun kai sefa miliyan 2 da jika 300 (jika ɗaya sefa dubu ce) in an haɗa da nairar, kuma fiye da rabi amanar mutane ce. Na kai ƙara, aka tambaye ni ko na ga fuska, ban gani ba, ko na ga lambar moto, ban gani ba. Filin da na saya don in gina wa yara shi na sayar na biya mutane.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya hana ni barci shi ne muryata. Ina kwance cikin yashi na ji kaina ina cewa, "Ranka ya daɗe, don Allah, ina da iyali." Wanda nake faɗa wa haka, daga jin muryarsa, bai kai ƙanena na uku ba. Kuma na yi ihu, na tabbata an ji, don na ji ƙarar sakata ana ƙara turawa a wani gida. Ban ga laifin mai gidan ba, ni ma da haka zan yi. Amma mu mutanen Maradi da labarin mazaje aka rene mu. Garin Ɗan Kasawa, waɗanda suka bar Katsina suka ƙi miƙa wuya, suka yi shekaru suna kai yaƙi. Kakana maharbi ne a wani ƙauye na bakin gulbi, bindigar tokarsa tana rataye a zaure har ya rasu. Sai ga jikansa a ƙasa yana ce wa yaro ranka ya daɗe.

Akwai wani mutum da ke zuwa canji wurina lokaci-lokaci, kullum da hular sanyi ko ana zafi. Ban san sana'arsa ba, a canji ba a tambaya. A watan Janairun 2023, lokacin da Najeriya ta sauya takardun naira 200 da 500 da 1000 kuɗi suka yi wuya, kasuwarmu ta rikice, kowa da tsofaffin kuɗi yana neman inda zai sauke. Ya zo ya ga bandeji a hannuna. Ya ƙirga kuɗinsa, ya sake ƙirgawa, sannan ya sunkuyo.

"Alhaji, mai irin sana'arka ba ya tahiya gida hannu rabbana."

Na gane abin da yake nufi, kuma ban kore shi ba.

Kada wani ya ce jahilci ne. Na san doka. A Nijar farar hula ba ya riƙe bindiga sai da izini daga ma'aikatar cikin gida, bayan an binciki halinsa, kuma wanda aka kama da ita babu takarda gidan kaso ne makomarsa. Ƙanen mahaifiyata tsohon jandarma ne, gidansa da nawa tafiyar minti goma. Ban je wurinsa ba, saboda na san abin da zai ce. Wurin malamin da nake ɗaukar karatu na je, na yi tambayar a kaikaice, wai wani abokina ne. Malam ya kawo hadisin mutumin da ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, in wani ya zo ƙwace dukiyarsa, aka ce kada ya ba shi, in ya yaƙe shi ya yaƙe shi, in an kashe shi ya yi shahada. Zuciyata ta yi fari. Sai Malam ya ƙara da wani, wanda ya hana mutum nuna ɗan'uwansa da makami, don bai sani ba ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa. Na farkon na ɗauka na sa aljihu, na biyun na bar wa Malam a kan buzu.

Jika 350 na biya. Ƙaramar bindiga ce, baƙa, fentin ya goge a gefen kunama, da harsashi bakwai. A cikin ledar burodi ya kawo mini ita. Sau ɗaya na gwada ta, a wani kwari bayan gari, kunnena ya yi kwana biyu yana ƙara. Iyakar karatun da na yi mata ke nan.

Gaskiya ɗaya da ba zan ɓoye ba: daren da ta kwana a ɗakina na yi barci har aka kira assalatu ban farka ba, rabona da irin wannan barci tun kafin a sare ni. Masu cewa bindiga ba ta ba da kwanciyar hankali ba su taɓa kwana da tsoro ba. Tana bayarwa. Kuɗin da take karɓa ne ba ta faɗa maka tun farko.

Tufafina ta fara canza mini. Ni mai son kaftani ɗamamme ne, sai ga ni wurin tela ina cewa a ƙara faɗi, a saki ƙugu. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, ƙiba ake shirin yi?" Muka yi dariya. Daga nan sai salla. Ƙarfe ne mai nauyi, in ka yi ruku'u sai ya zame, in ka yi sujada bakinsa ya toƙare maka cinya. A sahu kuma kafaɗa da kafaɗa ake tsayawa, liman yana cewa a matso a toshe kafa. Wata azahar wani dattijo da ke damana ya matso, gwiwar hannunsa ta bugi abin. Bai ce komai ba, amma raka'a huɗun nan ban san me na karanta ba. Na koma tsayawa a ƙarshen sahu, ɓangaren dama jikin bango. In na tarar an riga ni wurin sai in jira a idar in yi tawa ni kaɗai. A hankali jam'in azahar da la'asar ya fita daga hannuna, ni da ko ruwa ake ba na fashi.

Ina da 'ya mace, lokacin shekararta huɗu. Al'adarta in ta ji ƙarar motona sai ta rugo ta rungume ni, kuma tsawonta daidai ƙuguna yake. Ranar farko na tare ta da hannu. Ta biyu na daka mata tsawa. Ba a yi sati biyu ba ta daina rugowa, sai ta tsaya bakin ƙofar ɗaki tana leƙe.

Uwar 'ya'yana ta gano ta ne a watan uku, a saman sif, cikin tsohuwar hula. Da na dawo ta kawo tuwo, ta zauna har na ci na wanke hannu. Sannan ta ce, "Maigida, baƙon da ka ajiye mana a saman sif, wa zai ci a gidan nan?"

Na ce don su na saya. Ta ce, "Abba ya fara hawa kujera yana ɗauko abu." Ta kwashe kwanoni ta fita. Washegari na sayo akwatin ƙarfe da kwaɗo. To amma bindigar da ke cikin akwati da kwaɗo, makulli a wani wuri, ranar da aka diro maka gida ba ta da bambanci da dutsen guga. Sai na riƙa buɗe akwatin in kowa ya yi barci, in rufe da asuba. Wata rana in manta.

Hanya kuwa, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Sana'ata tana kai ni Ɗan Isa, hanyar kuma cike take da shinge, 'yan sanda, jandarmomi, ga sojojin Farautar Bushiya da ke sintiri saboda ɓarayin daji. Da can in an tsayar da mota har raha nake yi da su. Yanzu in na tafi da ita gumi ya jiƙe ni tun daga nesa, in na bar ta gida in ji kamar tsirara nake tafiya. Na zama ina tsoron ɓarawo ina tsoron mai kama ɓarawo.

Akwai kuma abin da na fi jin kunyar faɗi. Wata rana wani ɗan kabu-kabu ya goge ni a wajen tasha, ya juyo ya zage ni a kan laifinsa. Da a da ne, "Allah ya ba ka haƙuri" zan ce in wuce, ɗan kasuwa ba ya rigima a titi. Ranar kashe moto na yi, na sauka, na tako har gabansa ina kallon cikin idonsa, hannuna na dama a kan riga. Yaron ya ga wani abu a fuskata, ya ja motonsa ya tafi. Na daɗe a tsaye. Na gane so nake ya taɓa ni.

Shi kuwa mai hular sanyi bai ɓace ba. Wata ɗaya da cinikinmu ya zo, yaronsa ba lafiya, rancen jika 20. Na bayar. Bayan sati uku, jika 50, moto ya lalace. Ba ya barazana, ko kusa. Murmushi yake yi ya ce, "Mu da muke rufa wa juna asiri, Alhaji." Ni ɗan lissafi ne, komai ina rubutawa. Kafin shekara ta zagayo, abin da ke shafinsa a littafina ya kai jika 410, ko dala bai mayar ba. Ya fi kuɗin bindigar. Kuma wani tunani ya riƙa zuwa mini da dare: mutumin nan ya san inda nake zama, ya san lokacin tashina, ya san nawa ke wucewa ta hannuna tun kafin a tare ni. Ban da hujja a kansa ko ɗaya. Amma tunanin bai tafi ba.

Sai ga juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta sa takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu. Gari ya shiga duhu, abinci ya yi tsada, naira kuma tana ta zubewa tun da aka cire tallafin mai a can, abin da ka saya da safe ka yi asara a kansa da yamma. Mutane ba su daina tsallakawa ba, ta hanyoyin daji suke bi da moto, don haka canji bai mutu ba, sai dai ya koma na ɓoye-ɓoye da na dare.

Cikin watan Oktoba ne, ƙarshen damina. Na taso wajen ƙarfe tara, babu wuta ko'ina sai hasken salula jefi-jefi. Tun daga kwalta na lura da fitilar moto a bayana. Na karya wani lungu da ba nawa ba, ta karyo. Na sake karyawa, ta biyo. Lungun ƙunci ne, gidajen ƙasa hagu da dama, ga ruwa kwance a tsakiya. Tayata ta shige taɓo, moton ya mutu. Suka tsaya kamar taku goma sha biyar a bayana. Mutum biyu suka sauko, a hasken fitilarsu na ga addar tana sheƙi a hannun na gaba.

Ban tuna lokacin da na ciro ta ba. Na tuna hannuna yana rawa kamar na mai zazzaɓi, na tuna na ce "Kai!" da wata murya da ba tawa ba. A raina sama zan harba. Na danna, ta fizge mini hannu, na sake dannawa. Wuta ta haske lungun sau biyu. Na ji addar ta faɗi a ruwa, na ji moto ya juya da ƙarfi, karnuka suka ɗauka. Na tura nawa da ƙafa har ya tashi.

A gida na yi amai a bayan ɗaki. Bayan aman kuma, Allah ya gafarta mini, wani daɗi ya rufe ni wanda ban taɓa jin irinsa ba. Jakata tana wuyana. Ba wanda na ce wa ranka ya daɗe. Na ce a raina jika 350 ta biya kanta yau.

Da safe na kasa haƙuri, na bi ta lungun kamar mai wucewa. Na tarar da taro a ƙofar wani zaure. Makarantar allo ce, ban taɓa lura da ita ba. Ƙofar langa-langa ce, ga huda a jikinta daidai ƙirjin mutum, gefen hudar ya lanƙwashe ciki. Na kutsa na leƙa. Tabarmi ne shimfiɗe bango zuwa bango, inda almajirai kusan ashirin suke kwana. Allunansu suna jingine a jikin bangon ƙurya. Ɗaya ya tsage biyu tun daga kai har gindi, rubutun jiya bai ko bushe sosai ba, tawadar ta rabu tsakiyar aya. Bayansa ga rami a bangon ƙasa, wani yaro yana sa yatsa a ciki. Malamin, dattijo siriri mai farin gemu, ya nuna tabarmar da ke ƙarƙashin wurin ya ce nan mai allon yake kwana, da a zaune yake da sai dai wani labarin. Tsakanin ramin da tabarmar bai fi kamu biyu ba. Yaron yana tsaye a gefe, ɗan shekara bakwai ko takwas, yana kuka, ba don komai ba sai don allonsa.

Sama na ce zan harba.

Mutane suna ta magana. Ɓarayi sun fara shigowa da bindiga cikin gari. Wani ya ce harbi uku ya ji, wata tsohuwa ta ce biyar, wani ya rantse irin ta sojoji ce. Na ji bakina ya ce, "Biyu ne." Ba wanda ya kula. Aka ce a yi karo-karo a ɗauki 'yan sintiri, na ba da jika 25, fiye da kowa, ni da ba ɗan lungun ba. Aka yi ta sa mini albarka. Da la'asar na aiko da sabon allo da tabarmi biyar da buhun shinkafa.

Harsashi ɗaya ke nan. Na biyun fa? Na duba ƙofofin lungun da ido ban ga komai ba. Sati guda ina kasa kunne, in an ce an yi rasuwa a wannan shiyya sai cikina ya ɗuri ruwa, in yi ta bincike a fakaice, me ya same shi, ya daɗe yana jinya? Na je likita gaida wani maras lafiya da ban ma san shi sosai ba, don kawai in ji ko an kawo mai raunin harbi. Ko ya sami ɗaya daga cikin yaran da suka biyo ni ya je ya mutu a wani ɗaki, ko ya wuce sama ya faɗo inda Allah ya so, ban sani ba.

Da ma in ce muku washegari na rabu da ita. Ƙarya ne. Wata biyar na ƙara ina ɗauke da ita, don duk lokacin da na tuna allon sai in tuna addar. Dukansu gaskiya ne, kuma ba wanda ya goge ɗan'uwansa. Abin da ya karya ni mai hular sanyi ne. Ya zo cikin Fabrairun 2024, kwanakin da ake maganar ɗage takunkumi, ya zauna a bencina ya ce, "Na ji kwanaki an yi harbi wajenku. Saura biyar ke nan ko huɗu?" Sannan ya ce jika 200 yake so, zai yi tafiya.

Daren nan na je gidan Kawu. Yana kan kujerarsa ta roba da rediyo a cinya. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye ledar a gabansa. Ya buɗe, ya kashe rediyon. Cikin ƙiftawar ido ya zare gidan harsashin, ya ja saman, wani harsashi ya yi tsalle ya faɗo kan tabarma.

"Haka kake yawo da ita? Ɗaya a baki? Cikin ɗiyanka?"

Na ce ban san yana ciki ba.

"Ba ka sani ba." Ya ɗauki harsashin ya juya shi a tafin hannu. "Ɗana, shekara talatin na yi da kaki. Sai da munka yi watanni muna kwance ta muna ɗaurawa kahin a ba mu izinin ɗana ta. Kuma duk da hakanan, cikin duhu, hannu na rawa, ba wanda ya isa ya ce maka ga inda za ta. Wanga ɗan abu da kake gani, langa-langa ba ta tsai da shi, ƙyauren katako ba ya tsai da shi. Mi ka harba?"

Na ba shi labari duka, har allon. Ya daɗe bai yi magana ba. Da ya buɗe baki, cewa ya yi, "Da ka zo mini tun ranar da sunka sare ka, da na raka ka ka nemi takarda, in an ba ka in koya maka, in an hana ka mu san dabara. Ka tsallake gidan uwarka ka tahi wurin ɗan iska."

Shi ya gaya mini ƙasar nan tana da hukuma tun 1994, zamanin tawayen arewa, wadda aikinta tattara makaman da ke hannun mutane ba bisa ƙa'ida ba. Shi ya shiga gaba, ya sa babbar riga, ya kai ni inda ya dace. An yi mini tambayoyi masu yawa, na amsa, na sa hannu a takardu, na kwatanta mai hular sanyi iyakar sanina. Yadda ta ƙare mini ba zan ce haka za ta ƙare wa kowa ba, ni dai na kwana a gidana. Mutumin kuma tun daga ranar ban sake sa shi a ido ba, jika 410 ɗina sun bi shi.

Yanzu kafin la'asar sakaliya na naɗe tebur. Manyan kuɗi ba sa bin ni gida, a wurin masu tura kuɗi nake zuba su in karɓa da safe, ana cire mini wani abu, na yafe. Mu huɗu 'yan shiyya ɗaya muke tafiya tare, ba ma bin hanya ɗaya kwana biyu a jere. A aljihun gaba ina ajiye jika 30 daban, kuɗin ɓarawo nake kiransu, in an tare ni in miƙa. Tsoro bai tafi ba. In fitilar moto ta daɗe a bayana har yanzu hannuna yana zuwa ƙugu ya tarar da riga kawai. Na san a cikin abokan sana'ata akwai masu ɗauke da ita, ina gane su daga ɗinkin rigarsu da inda suke tsayawa a masallaci. Ban taɓa yi wa ɗayansu wa'azi ba. Mutumin ƙauyen bakin iyaka kuma, wanda ake zuwa a tafi da matarsa, ba ni da bakin da zan ce masa komai.

Ana saura kwana uku azumi na je wurin malamin allon. Na same shi yana fiƙe alƙalami. Na zauna a ƙasa, na ce, "Allah gafarta Malam, harbin da aka yi a lungun nan, ni ne."

Bai ɗago ba. Ya gama fiƙewa, ya gwada bakin a farcensa.

"Na sani. Ran nan kowa na hwaɗin uku, biyar. Kai kaɗai ka ce biyu, ba ka ko yi tunani ba. Sai kuma ga shinkafa."

Na ce me ya hana shi faɗa. Ya ce jira yake in zo da ƙafata. Ya sa aka kira yaron, ya ce in nemi gafararsa shi, don ba allon Malam ba ne. Na durƙusa gaban ɗan shekara takwas na ce ya yafe mini. Yaron ya dubi Malam, ya dube ni, bai gane komai ba, ya ce ya yafe, ya ruga wurin 'yan'uwansa.

Na tambayi Malam ko an taɓa ganin inda ɗayan ya shiga. Ya ce shi ma ya duba, bai gani ba.

Ƙarshen Agustan 2024 aka yi ruwan nan da ya rushe gidaje da yawa a Maradi. Bayan kwana biyu na bi ta lungun. Zauren Malam yana tsaye, amma katangar da ke kallonsa ta zube gaba ɗaya, ta zama tulin jar ƙasa. Na kafe moto, na tsuguna ina tona ƙasar da wani ɗan kara, ina farfasa ɓaraguzai da hannu. Wani yaro ɗauke da bokiti ya tsaya yana kallona.

"Baba, mi ya ɓace maka?"

Na ce ba komai. Ya ajiye bokitin ya tsuguna kusa da ni, ya fara tonawa shi ma.